Tiyon Man Injin Surukina

Ni mutumin Aliero ne, can aka yanke mini cibiya, kuma ruwan da na sani tun tasowata shi ne wanda ake jawowa daga rijiya a ba albasa. Gulbi kuwa sai dai in hango shi daga kan gada idan mota ta ratsa da ni, shi ma ba na son dogon kallo. Bayan na gama koyon gyaran babur na kafa rumfata a Sabon Garin Jega, sai Allah ya haɗa ni aure da ɗiyar masunta. Ƙauyensu yana bakin gulbi, in ka bar Jega ka kama hanyar Maiyama sai ka ratse ta wata turba mai yashi. Shekararmu shida da aure lokacin da abin nan ya faru, kuma a duk shekarun nan ban taɓa sa ƙafata cikin jirgin mahaifinta ba.

Baba nake ce masa, yadda matata take kiransa. Dogon mutum ne, siriri, hannuwansa duk kanta saboda jan taru, kuma ba shi da yawan magana. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai: in cire takalmi, in durƙusa, ya tambayi aiki da yara, in ce lafiya lau, shi ke nan. Yana da babban jirgin katako da ya ɗaura wa inji mai ƙarfin doki goma sha biyar, wanda ya sayo na hannu a Yawuri. A duk ƙauyen shi kaɗai ke da inji, sauran kowa da ƙaramin kwalekwalensa da filafili.

A wata damina ruwa ya yi yawa ƙwarai. Mutanen ƙauyen suna noman shinkafa a fadamar da ke tsallaken gulbi, sun yi sauri sun yanke wadda ta nuna, sun tara dammunan a kan wani ɗan tudu, suna jiran su kwaso. Sai gulbi ya ci gaba da cika.

Wata safiya ina ɗaure akwatin kayan aikina a bayan babur, matata ta fito daga ɗaki da waya a hannu.

"Inna ta kira," in ji ta. "Ruwa ya kusa kai ga shinkafa, kuma injin Baba ya ƙi."

"Ba a kai shi ga masu gyara ba?"

"Sau ukku anka wanke kafireta, anka sake fulogi. Shina tashi lafiya, sai sun kai tsakiyar ruwa ya mutu. Jiya da ƙyar sunka fito."

Na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da ɗaure akwatina. Ba ta motsa ba.

"Kai fa makanike ne."

"Na babur. Wancan na ruwa ne, ban taɓa buɗe irinsa ba."

"Fetur yake sha?"

"I."

"Fulogi gare shi?"

"I mana."

"To babur ne da ba shi da taya. Tashi ka tahi."

Na ƙarasa ɗaure akwatin. Na biya ta rumfa na gaya wa maƙwabcina mai faci cewa yau ba ni nan, na kama hanya.

Hantsi bai gama ɗagawa ba na iso. Rabin ƙauyen na tsaye a bakin ruwa. Gulbin ya zama ja, ya yi faɗin da ban taɓa ganinsa da shi ba, yana tafe da karare da rassan itace. Can nesa ana hango tudun da tarin shinkafa a kansa, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina. Masu ƙananan kwalekwale suna ta ƙoƙari, amma kowane sai ya ɗauko dami biyar ko shida, ruwa kuma ya janye shi can ƙasa, sai ya dawo ta gefe yana turawa da gora. A haka ko kwana huɗu ba za su gama ba, kuma kowa ya san tudun ba zai kai kwana biyu ba.

Baba na zaune a kan wani kututture kusa da jirginsa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Malam, ka taho ganin ruwa?" ya tambaye ni.

"Na zo ganin inji ne, Baba, in an ba ni izini."

Ya dube ni, ya dubi akwatin da ke hannuna. "Waɗanda sunka san shi sun duba, sun gaza."

"Haka na ji."

Ya nuna jirgin da haɓa. "Ga shi nan. Kallo ba ya ƙara mai ciwo."

Injin yana maƙale a bayan jirgi, bayan kuma yana wajen zurfi. Na roƙi ƙanen Baba, wanda muke kira Kawu, ya juyo mini da shi gefen da ruwa bai wuce gwiwa ba. Na ji wasu suna dariya ƙasa-ƙasa, domin kowa ya gane abin da nake gudu. Na naɗe wandona na shiga, laka tana ratsa tsakanin yatsun ƙafata.

Da na ɗaga murfin injin sai hankalina ya ɗan kwanta, don babu abin da na gani wanda ban san danginsa ba. Fulogi sabo ne, wuta tana zuwa. Kafireta fes, har ƙyalli take yi saboda wanki. Na ce wa Kawu ya ja igiya. Ja biyu injin ya tashi, yana ta aiki lafiya. Na ce ya murɗa masa wuta ya riƙe. Ba a jima ba ya fara shaƙewa kamar akuyar da igiya ta matse wa wuya, ya yi tari biyu ya mutu. Nan take na kwance ɗan notin da ke ƙasan kafireta don in ga man da ke ciki. Ɗigo kaɗan ne ya fito.

A wurinmu masu babur, in mashin ya yi haka ba kafireta ake tuhuma ba, hanyar da mai ke bi ake bi. Na bar injin na kama tiyon da ke kawo masa fetur, na bi shi da hannu. Ya taso ne daga wani jan tanki da ke ƙarƙashin benci, tsawonsa ya kai gaba biyu, kwance a ƙasan jirgi inda ake taka shi kullum, rana ta dake shi, ruwa ya jiƙa shi. A tsakiyarsa akwai wani kumburin roba kamar ƙwan agwagwa, wanda ake matsawa da hannu ya turo mai kafin a tayar da inji. Masu jirgi famfo suke ce masa. Na matsa, na matsa, ya ƙi yin tauri.

"Ya daɗe haka," in ji Kawu. "In muna tahiya sai mutum guda ya zauna shina matsa shi."

Tiyon ya bushe ya yi tauri kamar tsohuwar fata. A wuri guda ma an taɓa yanke shi an yi masa ƙari da farin tiyon nan da magina ke auna daidaiton gini da shi, an ɗaure da tsinken roba. Na cire shi gaba ɗaya, na zubar da ɗan man da ke ciki a gwangwani, na toshe baki ɗaya da babban yatsa, na nutsa shi cikin ruwa na matsa famfon, yadda maƙwabcina mai faci yake yi wa tub. Sai ga kumfa tana tasowa ta wuri uku. Na ciro wuƙa na tsaga wani yanki, na ga cikinsa duk ya saɓule yana ɓarewa kamar ɓawon albasa.

Na kai wa Baba na nuna masa. "Injin nan lafiyarsa ƙalau, Baba. Yunwa ce ke kashe shi. In yana tafiya a hankali ɗan man da ke zuwa yana isarsa, in an ba shi wuta sai ya riƙa zuƙar iska, ɓawon nan kuma ya toshe hanya."

Ya karɓi yankin ya jujjuya shi a tafin hannu. "Wanga abin da muke takawa kullum?"

"Shi ne."

"Ana samun shi Jega?"

"Zan nema."

Na naɗe tsohon tiyon na rataya a wuya na hau babur. A Sabon Gari akwai wani mai sayar da kayan gyara, mutumin kudu ne, Kirista, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu gishiri. Shi ke ba ni kayan babur tun da na buɗe rumfa. Na ajiye masa tiyon a kan teburinsa. Ya dube shi ya yi murmushi, ya ce a garinsu da irin injunan nan ake zuwa kasuwa, rabonsa da ganin wannan tun yana saurayi. Ya ɗauko naɗin baƙin tiyo na mota, wanda fetur ba ya ci, muka gwada faɗin bakinsa da tsohon, ya zo daidai. Ya ƙirgo mini ƙananan ƙarafan ɗaure baki, waɗanda muke ce wa kilif.

"Famfon fa?" na tambaye shi.

Ya ce ba ya kawo su, ba mai nema. Har na fara tunanin yadda zan yi dabara da tsohon, sai ya ce in dakata. Ya taka kujera ya sauko da wani kwali daga saman kanta, ya yi ta tono, ya fito da guda ɗaya cikin ledarsa. Wani ne ya sa aka kawo masa shekarun baya bai dawo ya karɓa ba. Na biya na juya da sauri. Ina tayar da babur na ji yana ɗaga murya daga cikin shago: "Oga makanike, ka duba kibiya!" Na ɗaga masa hannu kawai, ban tsaya na tambayi wace kibiya ba.

Kafin azahar na koma. Ruwa ya ƙaru, don kututturen da Baba ya zauna a kai da safe ya shiga ciki. Aka shimfiɗa mini tabarma a gindin wata giginya, mutane suka kewaye ni. Na roƙi wani mai shan taba ya ja baya, don fetur ba ya son wasa. Na auna sabon tiyon da tsohon na yanka gida biyu. Da na zo cusa shi a bakunan ƙarfen sai ya ƙi shiga, sabuwar roba ce mai tauri. Na ce ko za a samu ruwan zafi. Inna, surukata, da kanta ta kawo a buta, ta ajiye nesa kaɗan ta kau da kai ta koma. Na tsoma bakin tiyon a ciki ya yi laushi, na tura ya shige, na ɗaure da kilif na matse da sukudireba. Haka na yi wa bakin tanki, da bakin inji, da gefe biyu na famfon.

Ban tsaya nan ba. Na koma cikin ruwa na canza gajerun tiyon da ke cikin murfin injin su ma, ɗaya bayan ɗaya don kada in rikita wanda ke zuwa ina. Ɗan kofin tace mai na cike da baƙin ɓawo, na wanke shi. Na sa aka juye tankin aka ɗauraye, na tace fetur ɗin da ƙyalle na mayar, na rufe murfin tam. Na goge duk inda mai ya zuba.

Sannan na haɗa komai na kama famfon na matsa. Babu abin da ya zo. Na sake matsawa har sau ashirin, famfon na shiga yana fitowa fayau, ba alamar mai. Sai wani dattijo daga baya ya ce, "Dama mun faɗi, na tudu daban, na ruwa daban." Ban ɗaga kai ba. Na bi kowane ɗauri da yatsa, duk lafiya. Ina juya famfon a hannuna sai na ji wani ɗan tudu a jikin robar. Na goge da yatsa na duba. Kibiya ce, ƙarama, tana nuna wajen tanki. Famfon hanya ɗaya yake tura mai, ni kuma na sa shi a juye.

"Kuskurena ne," na faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. "Na sa shi baibai."

Na kwance kilif biyu na juya shi, kibiya ta dubi inji, na ɗaure. Matsa ta farko na ji mai ya shigo da sanyinsa. Ta biyar famfon ya yi tauri kamar ɗanyen lemo. Kawu ya ja igiya sau ɗaya, injin ya ɗauka. Ya murɗa masa wuta ya riƙe, ya riƙe, muryar ba ta canza ba. Matasa suka fara tafi.

Baba ya ɗaga hannu suka yi shiru. "Bakin gaɓa kullum shina tashi," in ji shi. "Tsakiya aka sanin gaskiya." Ya shiga jirgi ya zauna a baya ya kama hannun injin, sannan ya dube ni. "Malam, shigo. In ya mutu can, kai ka san abin da ka ɗaura."

Gaskiya ya faɗa, kuma a gaban mutane ya faɗe ta. Na yi bisimilla na ɗaga ƙafa na shiga. Ban zauna a benci ba, a ƙasan jirgi na zauna kusa da tanki, na kama katakon gefe da hannu biyu. Kawu da wasu mutum biyu suka shigo, aka tura mu.

Ban san yadda zan kwatanta tafiyar farkon nan ba. Ƙasa ta rabu da ni, komai yana rawa, ruwa na dukan katako daidai ƙarƙashin cinyata. Duk addu'ar da na sani na karanta ta. Ban dubi gulbi ba, na kafa idona a kan famfon don in sami abin kallo. Shi ya sa na riga kowa ganin abin da ya faru. Muna kaiwa inda ruwa ya fi ƙarfi sai na ga famfon yana shanyewa, yana lotsawa kamar an tsotse shi. Nan da nan injin ya fara tari. Kan jirgin ya soma karkata, ruwa na neman juya mu.

"Ga shi nan kuma!" in ji Kawu, ya kai hannu ga filafili.

Tiyo sabo ba zai yi yoyo ba, na san wannan. In famfo ya shanye haka, tanki ne ba ya samun iska. Sai na tuna ɗan notin da ke tsakiyar murfin tankin, wanda ake sassautawa don iska ta shiga, ni da hannuna na murɗe shi tam lokacin da na mayar da fetur. Sai dai kafin in kai gare shi dole in saki katakon da nake riƙe. Na saki. Na ja gwiwa na kai hannu na murɗa shi baya. Tankin ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, famfon ya kumbura, na matsa shi sau biyu, injin ya yi gyaran murya ya ɗauka da ƙarfin da ko a gaɓa bai yi ba. Kan jirgi ya miƙe, muka tsaga ruwan nan muka wuce.

Na waiwaya na ga Baba yana dariya, har da buga cinya. "Ashe hannunka na iya sakin katako!" ya ce. Ni ma dariyar ta kama ni, ga hawaye a idona, ban san ko na tsoro ne ko na murna ba.

Mutanen da ke gadin shinkafa a kan tudu sun hango mu tun daga nesa, suna ta kabbara suna ɗaga huluna. Muna isa aka hau lodi. Jirgin Baba yana cin dami fiye da na kwalekwale goma, kuma Kawu ya kawo shawarar a ɗaura ƙananan biyu a bayanmu mu ja su da kayansu. Haka muka yi. Da muka sauke sawun farko matan ƙauyen suka ɗauki guɗa, har da Inna, na hango ta ta rufe baki da gyale tana yi.

Aka ce in sauka in huta, na ce a'a, sai na ga ƙarshen aikina. Sawu na uku na koma kan benci. Sawu na biyar na fara taya su miƙa dami, ƙaiƙayi duk ya cika mini wuya. A kan tudun muka yi sallar la'asar, ruwa na lasar gefen buhun da muka shimfiɗa. Ban riƙe yawan sawun da muka yi ba, na dai san injin bai sake ko tari ba. Ba duka muka tsirar ba, don tarin da ke can gefen gangare ruwa ya riga mu, na wani bawan Allah ne mai iyali da yawa, muka tarar dammunansa na yawo. A nan bakin gaɓa kowa ya cire daga nasa aka haɗa masa. Lokacin da muka ɗauko damin ƙarshe, ruwa ya kai idon sawu a ƙwanƙolin tudun.

Rana ta yi ja muka ɗaure jirgi. Baba ya kira ni gefe, shi da Kawu, ya ce in nuna musu kibiyar nan da ɗan notin murfi. Na nuna musu, na ce a riƙa rataye tiyon a jikin katako kada a bar shi ƙasa ana takawa, in kuma ya fara tauri a canza shi tun bai tsage ba. Baba ya sa Kawu ya maimaita abin da na faɗa. Dattijon nan da ya yi maganar tudu da ruwa ya zo wucewa, Baba ya tsayar da shi.

"Ka san wanga?" ya tambaye shi.

"Mijin ɗiyarka na."

"To ka riƙe. In an tambaye ka wa ya fid da shinkafarka bana, ka san abin da za ka ce."

Dattijon ya miƙo mini hannu biyu muka gaisa. Aka ɗaura mini dami guda a bayan babur, Inna ta aiko da ƙullin busasshen kifi da saƙon gaisuwa ga jikokinta.

Bayan magariba na shiga gida, wandona jiƙe, ina warin fetur da laka. Matata ta riga ta ji labari ta waya, amma tana so ta ji daga bakina. Na zauna a kan turmi ina ba ta, ƙasa tana ta lilo da ni kamar har yanzu ina cikin jirgi, sai da na dafa bango. Yara suka kwance kifin suna rigima a kan wanda ya fi girma.

Ba a yi sati biyu ba wani mutum ya sauke injin jirgi daga cikin keke mai ƙafa uku a gaban rumfata, ya ce daga wani ƙauye yake can ƙasa da na su Baba, an ce masa a nan ake gyara. Bayansa wasu suka biyo. Da yake irin injin nan ba a tayar da shi a bushe, sai na sayi tsohon duro na yanke kansa na cika shi da ruwa, na kafa masa katako a baki inda ake maƙala su. Yana nan har yau a gefen rumfar, tsakanin babura. Mai sayar da kayan gyaran nan kuwa yanzu dozin-dozin yake kawo famfo, kuma duk wanda ya saya sai ya fito da shi daga leda ya nuna masa inda kibiya take kafin ya bar shi ya tafi.